'Yata soja ce kuma za a tura ta Borno, me ya kamata in yi? Amsa ga wani uba

Tambayar da aka turo a taƙaice: wani Alhaji ya ce 'yarsa ta uku soja ce, ta fito daga Defo ta Zariya, makarantar horar da kuratan soja, shekara huɗu ke nan, igiya ɗaya gare ta, tana ɓangaren kula da marasa lafiya, yanzu kuma sigina, wato saƙon umarni na hukumar soja, ya fito da sunanta cikin waɗanda za a tura Borno. Ya ce shi dai alfahari yake da ita har cikin ransa, yana so ya haɗa walima ya sa hotonta da kaki a Facebook duniya ta gani, amma mahaifiyarta ta daina cin abinci, dangi kuma sai surutu suke wai ya sallama 'ya mace ga aikin maza. Yana tambaya me ya kamata ya yi kafin ranar tafiya.

Alhaji assalamu alaikum, Allah ya yi wa yarinya albarka, ya kai ta lafiya ya dawo da ita lafiya. Ni tsohon soja ne, na yi ritaya ina samanja, yawancin aikina a bataliya na yi shi kuma na daɗe ina cikin masu shirya yara idan za a fita aiki, na yi Laberiya na yi Darfur na kuma yi arewa maso gabas, toh abin da zan faɗa maka daga abin da ido ya gani ne.

Ka yi alfaharinka Alhaji, kar kowa ya sa ka ji kunya. Wanda bai taɓa tsayawa a filin faretin Defo ba bai san me ake nufi da an ce yarinya ta fito daga can ba. Makarantar nan tun 1924 take horar da kurata, wajen wata shida ana gasa mutum, gudu tun kafin asuba, rarrafe cikin taɓo, barcin da bai taka kara ya karya ba, maza majiya ƙarfi ma suna tsallake katanga su gudu gida, ita kuma ta tsaya har ta yi faretin fita. Kuma ba ita ce farau ba. Manjo Janar Aderonke Kale likita ce, ta zama mace ta farko da ta kai wannan muƙami a sojan ƙasa a 1994. A 2011 NDA ta Kaduna, makarantar horar da hafsoshin soja, ta fara ɗaukar mata a kwas ɗin hafsoshin yaƙi, bayan nan kuma Blessing Liman 'yar kudancin Kaduna ta zama mace ta farko matuƙiyar jirgin soja a ƙasar nan. A 2018 aka kafa rundunar mata ta sojan ƙasa, a watan Janairun 2021 kowa ya ga mata ɗari uku da aka jibge a hanyar Kaduna zuwa Abuja lokacin da hanyar ta zama abin tsoro. Abin da ya yi mana ƙaranci shi ne 'ya'yanmu na nan arewa, musamman Musulmi, duk lokacin ɗaukar kurata sai ka ga gurbin jihohinmu na mata da ƙyar ake cike shi, shi ya sa idan na ji uba irinka ya tsaya wa 'yarsa nake jin daɗi ƙwarai.

Amma maganar hoto da walima, dan Allah Alhaji ka dakata, nan ne zan fi tsawaita maka domin nan ne iyaye suka fi yin ɓarna da kyakkyawar niyya. Hoton soja da kaki ba hoto ba ne kawai, a ƙirjinta akwai sunanta, a kafaɗa akwai tambarin rundunarta, kai kuma a ƙarƙashin hoton za ka rubuta ga 'yata za ta tafi Borno ranar kaza ku sa ta a addu'a, shafinka kuma da sunanka da garinku da hoton ƙofar gidanka da shagonka duk suna nan. Ka ga ke nan a rubutu ɗaya ka gaya wa wanda ba ka sani ba sunan soja, da rundunarta, da inda za ta, da ranar da ayarinsu zai hau hanya, da gidan da iyayenta suke kwana. Mutanen da ake yaƙa da su suna da waya, suna da data, suna da masu kai musu rahoto a tasha da kasuwa da wurin cajin waya, kuma a yankinmu na arewa maso yamma ba sai na gaya maka yadda masu garkuwa da mutane suke kallon gidan da aka san akwai ɗan kaki a ciki ba. Ita kanta akwai dokar soja a kan abin da take sawa a soshiyal midiya, idan hoton da bai kamata ba ya fita ta hannunka ita za a kira gaban kwamanda ta yi bayani, ba kai ba. Har a guruf ɗin WhatsApp na dangi ma kar ka sa rana da wuri, domin guruf mai mutum tamanin ba sirri a cikinsa, wani zai tura wa wani da niyyar neman addu'a shi ke nan magana ta fita.

Idan walima kake so ka yi ta cikin gida, a yi saukar Alƙur'ani a yi sadaka a kai abinci gidan marayu ko maƙwabta, wanda ya tambaya ka ce addu'a ce ake wa yara, ba ƙarya ka yi ba. Babbar walima da kiran abokai da hoto ka ajiye ta sai ta dawo, ko ranar da aka ƙara mata igiya, lokacin ka yanka ragonka ka gayyaci unguwa duka. Hoton kuma ka wanke shi babba ka rataye a falonka.

Sai inda za ta. Ba zan ce maka babu haɗari ba, wanda duk ya gaya maka haka bai kyauta maka ba. Rikicin nan na Boko Haram tun 2009 ake fama da shi, aikin da ake kira Lafiya Dole aka sauya masa suna zuwa Haɗin Kai a 2021, hedikwatar runduna ta 7 tana barikin Maimalari a Maiduguri, amma kalmar Borno faɗi gare ta, wanda yake asibitin soja cikin Maiduguri da wanda yake Monguno ko Damboa ko Gwoza ko Malam Fatori duk an ce suna Borno amma rayuwarsu ba ɗaya ba ce ko kusa. Ita da take ɓangaren lafiya galibi za ta kasance inda ake karɓar waɗanda suka ji rauni, ko asibitin bariki ko ɗakin shan magani na bataliya, wani lokaci kuma a sa ta cikin motar asibiti ta bi ayari. A sanina hanya ta fi sansani haɗari, nakiyar da ake binnewa a ƙasa da kwanton ɓauna sun fi cin mutane a kan harin da ake kawowa gaba da gaba, shi ya sa na matsa maka a kan maganar ranar tafiya. Sannan ka shirya ranka a kan wa'adi, za a iya ce musu shekara ɗaya ko biyu amma canjin dakaru yakan yi jinkiri, sojoji da yawa sun wuce lokacin da aka ɗibar musu a can kuma an sha yin ƙorafi a kai a fili, toh kar ka yi wa Hajiya alƙawarin wata kaza za ta dawo, ka ce mata dai akan ba da fas mutum ya zo gida ya huta ya koma idan hali ya yi.

Kuma ka san cewa ana buƙatarta a can da gaske, ba cika lissafi aka yi da ita ba. Tun bayan mutuwar Shekau shugaban Boko Haram a 2021 dubban mutane suka riƙa fitowa daga daji suna miƙa wuya, mafi yawansu mata ne da ƙananan yara, da ciwo da yunwa da ciki da goyo. Waye zai caje matar da ta fito daga daji da hijabi har ƙasa, a wurin da aka sha ɗaura wa 'yan mata bam? Waye zai duba mai naƙuda, waye yarinyar da aka yi wa fyaɗe za ta iya buɗe baki ta gaya wa abin da ya same ta? Na tsaya a shingen bincike na ga yadda layin mata yake tsayawa cak idan babu soja mace a wurin, mu maza sai dai mu tsaya daga nesa muna ɗaga murya, su suna tsoronmu mu muna tsoron abin da ke ƙarƙashin mayafi, amma da zarar an kawo mace guda, musamman mai jin Hausa, sai ka ga tsohuwa ta kama hannunta tana ce mata 'yata, aiki ya tafi. Wannan dalilin ne ya sa Majalisar Ɗinkin Duniya tun ƙudurinta mai lamba 1325 na shekarar 2000 take matsa wa ƙasashe su riƙa tura mata aikin kiyaye zaman lafiya, kuma idan Allah ya sa yarinyarka ta yi aikinta da kyau wata rana kana iya jin an kira ta barikin Jaji da ke jihar Kaduna horon fita waje, irin yankin Abyei da ke iyakar Sudan da Sudan ta Kudu ko Gambiya.

Yanzu ga aikin da yake naka ne kai uba, kuma shi ne wanda iyaye suke gudu saboda suna ganin kamar fatan tsiya ne. Ka zaunar da ita ku biyu ka tambaye ta sunan wa ta rubuta a matsayin magajinta a takardun aiki, da lambar wayar da ta bayar, shin lambar tana aiki har yanzu. Yara da yawa suna cike takardar nan tun suna kurata a gigice, wani ya sa sunan yayansa da yanzu ba sa ga maciji, wani ya sa lambar da ya yar shekara uku da suka wuce, wani sunan da ya rubuta harafi ɗaya ya bambanta da wanda ke katin ɗan ƙasa da na banki. Na taɓa raka wata baiwar Allah da goyonta a baya tana yawo ofis ofis da takardu cikin leda baƙa, mijinta ya rasu a bakin aiki amma bai taɓa sauya sunan magaji ba tun kafin ya yi aure, wanda sunansa ke jiki kuma ya ƙi zuwa, haƙƙin marayu yana nan a rubuce amma ya ƙi fitowa sai da aka kai ruwa rana. Akwai inshorar rai, akwai kuɗin sallama, akwai tallafin karatun 'ya'ya, duk ta hannun wanda aka rubuta suke bi. Kuma ku fahimci juna tun yanzu cewa magajin takarda wakili ne mai karɓa, ba shi ne mai cinye dukiya ba, rabon gado yana nan yadda shari'a ta tsara. Rubuta wasiyya ma ai koyarwar addini ce ga mai lafiya da ke kwance a gidansa balle mai tafiya bakin daga, ta rubuta bashin da ake bin ta da wanda take bi, da adashin da take ciki, ku ajiye.

Ka rubuta lambar aikinta a littafi ba a waya kaɗai ba, da cikakken sunan rundunarta, da lambar mutum biyu, ɗaya cikin waɗanda suka rage a bariki ɗaya cikin waɗanda za su tafi tare, ta gabatar da kai gare su da bakinta. Dalili shi ne 'yan damfara sun gano iyayen sojoji, za a kira ka da tsakar dare a ce ni kyaftin wane ne 'yarka ta ji rauni a turo dubu ɗari biyu na jini ko na tiyata yanzun nan, wani ma ya san sunanta da rundunarta (ka ga inda hoton Facebook yake kai mutum). Ka riƙe wannan da kyau, soja ba ya neman kuɗi wurin iyaye domin jinyar wanda ya ji rauni a bakin aiki, ana kai shi asibitin soja a Maiduguri, idan abin ya fi ƙarfin nan a wuce da shi babban asibitin soja na 44 a Kaduna. Haka kuma babu wanda zai karɓi kuɗinka ya cire sunanta daga sigina, duk wanda ya ce zai yi ɓarawo ne. Labari mai nauyi kuma ta hannun rundunarta yake zuwa ga magajin da ta rubuta, ba ta bidiyon TikTok ba, toh idan kun ga an watsa cewa an kai hari wuri kaza kar a fara kuka a gida, a kira mutum biyun nan.

Maganar albashi a taƙaice, ku bar mata kuɗinta. Idan tana so ta ware wani abu duk wata ga mahaifiyarta ta yi da kanta, amma kar a mayar da ita bankin dangi don an ji ana ba su alawus, alawus ɗin ba wani abin kirki ba ne idan ka auna shi da abin da ake ci a can.

Waya kuma ita ce babbar jarrabawar gida. Wurare da yawa babu sabis sam, wani wurin sai an hau kan tudu ko saman mota ake samun sanda ɗaya, wani lokacin kuma da gangan ake kashewa kamar yadda aka yi a Borno da Yobe da Adamawa a 2013 da kuma Zamfara a watan Satumban 2021, wani lokacin kwamanda ne zai ce a ajiye wayoyi saboda aikin da ke gaba. Saboda haka shirun sati biyu ko uku ba ya nufin komai sai rashin sabis, ku sa wannan a ranku tun yau. Ku bari ita ta riƙa kira, idan ta kira kar a tambaye ta kina ina yanzu, ku nawa ne, yaushe za ku tashi, idan ta ce lafiya lau a karɓa haka. Sannan Alhaji ka zama mai tace abin da zai shiga kunnenta. Na ga yaro ya samu sabis da ƙyar bayan kwana da kwanaki, ya koma gefe bayan buhunan yashi yana murmushi ya kira gida, minti biyar ya dawo fuskarsa ta canza ya zauna ya kasa cin abincin da aka zuba masa, ashe rigimar fili aka zazzage masa da cewa ƙaninsa ya sayar da babur ɗinsa, kuma daren nan shi ke gadi daga ƙarfe biyu zuwa huɗu. Mutumin da hankalinsa yake gida ba ya ganin abin da ke motsi a gabansa. Ita kuma taka allura za ta riƙe da magani, kuskuren awo ɗaya ran wani ne. Ku ba ta labarin wanda ya haihu, da yadda damina ta yi, da ƙanwarta da ta ci jarrabawa, rigimar gida ku kashe ta a gida. Rasuwa ko ciwo mai tsanani kuwa kar a ɓoye mata gaba ɗaya, amma a bi ta hannun na gaba da ita ko limamin rundunar, su sun san lokacin da ya dace a faɗa mata kuma su ne za su nema mata fas.

Hajiya kuma kar ka ce mata ta daina kuka, kar ka ce mata rashin tawakkali ne, uwa ce. Kai kana da majalisa da abokai da za su ce maka baban soja ka ji daɗi, ita kuwa tana cikin gida da tunani da matan da za su shigo jaje kamar an yi mutuwa. Abin da na ga yana taimako shi ne a ba uwa aikin yi a cikin tafiyar, ita ta haɗa kayan, ta yi mata dambun nama da ƙuli-ƙuli da yaji da garin kunu da kuka da daddawa, abubuwan da ba sa lalacewa da wuri, kuma yarinyar ta zauna da ita ta yi mata bayanin aikinta dalla-dalla, domin abin da uwa take hangowa a ranta kullum ya fi gaskiyar muni, ita gani take kullum 'yarta na tsakiyar harsashi alhali yawancin kwanakin aikin wanke ciwo ne da rabon maganin zazzaɓi da jiran mota. Idan akwai wata uwar soja ko matar soja da kuka sani ku haɗa su. Idan kuma rashin cin abincin ya wuce kwanaki, ko barci ya ƙaurace mata, ko tana da hawan jini dama, a kai ta asibiti kar a tsaya sai ta faɗi. Abu ɗaya da zan roƙi Hajiya shi ne ranar sallama ta daure ta sa mata albarka da baki a fili, ta ce na yafe miki Allah ya tsare, yaran nan suna riƙe wannan kalmar fiye da yadda kuke zato, kuma wanda ya tafi yana jin uwarsa ba ta yarda ba kullum a karye yake.

Su kuma dangi masu cewa aikin maza ne, ba sai ka yi faɗa da kowa ba. Wanda ya zo da maganar addini ka tuna masa Rufaida al-Aslamiyya da ta kafa tanti tana jinyar waɗanda suka ji rauni a zamanin Manzon Allah, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, har aka kai mata Sa'adu ɗan Mu'azu bayan yaƙin Khandaƙ, da Nusaiba 'yar Ka'ab da ta tsaya a Uhudu, aikin 'yarka na jinya kusan shi ne na Rufaida. Malamai suna da maganganunsu a kan sharuɗɗa, wannan fagensu ne, ka tambayi wanda ka yarda da iliminsa. Amma ni na san abin da yake cin dangi a rai ba fatawa ba ce, tsoron tarbiyya ne da maganar aure, ana cewa macen bariki ba ta auruwa. Na halarci ɗaurin auren sojoji mata da dama, wasu da sojoji wasu da farar hula, suna nan da 'ya'yansu, abin da ke akwai shi ne sai an nemi izini a hukumance kuma akwai wa'adin da sabon soja zai cika kafin a ba shi, mai shekara huɗu a aiki ta san matsayinta a wannan. A bariki akwai masallaci akwai limamai masu kaki, wadda ta je da tarbiyyarta tana dawowa da abarta.

Sai dai ba zan rufe ka ba a nan ma, domin kai uba ne. Mace a cikin maza da yawa, a wuri mai nisa, ƙarƙashin wanda yake da ikon ba ta fas ko hana ta, akan samu wanda zai nemi ya yi amfani da muƙaminsa, wannan yana faruwa a soja kamar yadda yake faruwa a jami'a da ma'aikatu. Dokar soja ta hana kuma akwai hanyar kai ƙara, akwai manyan mata a sama da ita, akwai 'yan sandan soja, amma yarinya ba ta iya buɗe baki idan tana tsoron a gida za a ce dama mun faɗa. Ka gaya mata da bakinka, ko ka sa mahaifiyarta ko yayarta ta gaya mata idan nauyi ya hana ka, cewa duk abin da ya faru ta faɗa muku ba za a ɗora mata laifi ba kuma ba za a ce ta ajiye aiki don wani ya zalunce ta ba. Ta kuma nemi wata babbar soja mace a inda aka kai ta ta riƙe ta uwar ɗaki tun satin farko.

Kayan da za ka iya saya mata ba su da yawa, kaki da takalmi da sulke da hular kwano na hukuma ne. Ka nemo mata fawa bank mai ƙarfi da ƙaramar sola ta caji, ƙaramar waya mai maɓalli wadda batirinta ke kwana uku da layi biyu na kamfani daban daban, tocila, gidan sauro, safa masu yawa, audugar mata da za ta kai ta wasu watanni domin a ƙauyukan can ba a samu, man shafawa da na leɓe, rigar sanyi mai kauri saboda hunturun can daga Disamba zuwa Janairu yana shiga ƙashi, zafin Afrilu kuma yana haura digiri 40. Kar a cika mata kaya, a bayanta za ta ɗauka.

Kar kuma tausayi ya sa wani a gida ya ba ta shawarar ta ƙi tafiya, ko ta zo fas ta ƙi komawa, ko a nemo takardar asibiti ta ƙarya. Gudun aiki babban laifi ne a dokar soja, kotun soja ce da ɗauri da kora, shekarun da ta yi duk sun tafi a banza kuma ta rayu tana waige. Idan tana da ciwo na gaskiya ko juna biyu likitan soja ne zai duba ya rubuta, wannan hanya a buɗe take. In kuma wata rana ita da kanta ta ga ta gaji akwai yadda ake neman sallama a rubuce a fita da mutunci.

Ranar tafiya ka yi mata addu'ar da Annabi ya koyar a yi wa matafiyi, ka ba Allah ajiyar addininta da amanarta da ƙarshen ayyukanta, ku yi sallamar a gida ko a bariki kafin ranar, ba a bin ayari zuwa tasha ana ɗaukar bidiyo.

Sannan ka fara shirin dawowarta tun yanzu domin wannan ne ba wanda yake gaya wa iyaye. Mai aikin jinya a bakin daga tana ganin abin da ko mai harbi ba ya gani, ita ake kawo wa wanda nakiya ta tashi da shi, wani abokin karatunta ne tun Defo, wani a hannunta zai cika. Idan ta zo fas kana iya ganin ta yi shiru, ko ƙarar ƙofa ta sa ta zabura, ko ta kasa barci sai da fitila, ko ta riƙa faɗa a kan abin da bai kai ya kawo ba, ko ta ƙi shiga taron biki. Kar a ce aljanu ne kawai a tsaya nan, kar a ce soja ya sa ta girman kai, kar kuma yara su taru a kanta suna tambaya mutum nawa kika ga an kashe. A bar ta ta yi barci, a ba ta abincin da take so, in ta so magana a saurara ba tare da an katse ta da nasiha ba. Yawanci yana lafawa cikin 'yan makonni. Idan ya wuce wata guda yana ƙaruwa, ko ka lura ta fara shan maganin barci ko wasu ƙwayoyi ba bisa ƙa'ida ba, ko tana maganar gara ta mutu, a yi addu'a a kuma kai ta wurin likitan ƙwaƙwalwa ba tare da ɓata lokaci ba, asibitocin soja suna da su, akwai kuma asibitin ƙwaƙwalwa na tarayya a Kaduna da Maiduguri da Kware ta Sakkwato, kuma ka raka ta da ƙafarka domin yawancinsu ba sa yarda su je su kaɗai saboda tsoron kar a ce sun gaza. Allah ya tsare ta da abokan aikinta baki ɗaya, a gaida Hajiya.